Synology DS224+ a shagon hoto: madubi daban, sinafshot daban

Na daɗe ina son yin wannan rubutun saboda 'yan uwana masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, don kusan duk wanda na sani a sana'ar nan a Kano yana da labarin had disk ɗin da ya mutu masa da aikin mutane a ciki. Ni ma ina da nawa, kuma shi ne dalilin da ya sa na sayi akwatin nan da zan yi magana a kansa, to bari in fara da shi.

Biki ne na kwana uku, kamu da dina da ɗaurin aure da kai amarya, na kwashe komai daga katin kyamara na zuba a faifan waje guda ɗaya, irin ɗan ƙaramin nan da ake jonawa da kebul, na goge katunan saboda wani aikin da ke gabana a satin. Ranar Laraba ƙafata ta ja kebul ɗin, faifan ya faɗo daga kan tebur yana cikin juyawa. Da na sake jonawa sai ƙas, ƙas, ƙas kawai yake yi. Na kai wajen masu gyara har uku, ba abin da ya fito. Tafiyar da na yi zuwa gidan mahaifiyar amarya har yau ina jin ta a ƙafata. Na durƙusa na ce Hajiya wallahi ban san ta inda zan fara ba, ga kuɗinku na dawo da su. Ta ce ɗana ba kuɗin ne damuwata ba, hoton da aka yi wa amarya da kakarta ranar kamu shi kaɗai nake so, tsohuwar tana kwance yanzu ba lafiya, ban san ko za a sake samun irinsa ba. Ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

Bayan nan ne na fara bincike, na tara kuɗi na sayi Synology DS224+. Kamfanin na ƙasar Taiwan ne, samfurin kuma ya fito a 2023. Ga wanda bai san shi ba, wani ɗan baƙin akwati ne da bai kai girman tosta ba sosai, yana cin faifai biyu, ana jona shi da rawuta ta kebul ɗin netwok, duk kwamfutocin shago sai su riƙa ganinsa kamar babbar folda guda. Irin wannan na'urar ita ake ce wa NAS. Farashinsa a waje lokacin da na saya wajen dala 300 ne kuma fanko ake sayar da shi, faifan daban za ka saya, to ka san yadda dala take, ba zan rubuta kuɗin naira ba don kafin ka karanta ya canza. Ni na saka masa faifai biyu masu terabait 8 kowanne.

Abu na farko da ke ba mutane mamaki, ni ma ya ba ni, shi ne ka sayi 8 da 8 amma ba 16 za ka samu ba. Idan ka zaɓi tsarin madubi, wato RAID 1, ko nasu na Synology da suke kira SHR wanda a faifai biyu kusan duk ɗaya ne, to duk abin da aka rubuta a faifai na ɗaya a daidai wannan lokacin ana rubuta shi a na biyu. Kenan wurin faifai guda ka samu, shi ma ɗin da ka duba za ka ga 7 da ɗoriya ne ba 8 cif ba, saboda lissafin masu ƙera faifai daban ne da na kwamfuta. Yaron shagona da ya gani cewa ya yi Oga ai an cuce mu, rabin kuɗin ya tafi a banza. Ba a banza ya tafi ba, kuma ranar da ya gane haka ta zo.

Ɗaya daga cikin faifan biyun na hannu na saya don in rage kashe kuɗi, wannan kuskurena ne ni kaɗai. Wata safiya muka buɗe shago muka tarar akwatin yana ƙara, fit, fit, fit, fitilar gabansa ta koma ruwan lemo. Na shiga Storage Manager, wato sashen manhajar akwatin da ke nuna lafiyar faifai, ta burauza, ya nuna faifan nan na hannu ya gaza, ajiyar tana tafiya da ƙafa ɗaya. Amma fa ko fayil ɗaya bai ɓata ba, yaran suka ci gaba da gyaran hoto kamar ba abin da ya faru, mai album ɗin da ya zo karɓa da rana ya karɓi kayansa. Na samo sabon faifai, na zare mataccen ba tare da na kashe na'urar ba don tana yarda da haka, kuma tiren nata ba ya buƙatar sukundireba ga manyan faifai, na tura sabon na danna gyara. Ya ɗau kusan yini guda yana kwafe komai daga mai ran zuwa sabon. Wannan yinin shi ne mafi haɗari, don a lokacin kwafi ɗaya tak gare ka kuma ana karanta shi daga farko har ƙarshe ba hutu, idan shi ma ya gaji a tsakiyar hanya shi kenan. Shi ya sa yanzu nake ba mutane shawara kar su sayi faifan biyu rana ɗaya daga kwali ɗaya, tagwayen da aka ƙera tare suka yi aiki iri ɗaya suna iya tsufa tare. Sannan a duba a tabbatar faifan irin CMR ne ba SMR ba, wato hanyoyi biyu ne na jera bayanai a kan faifai, a 2020 an yi ta surutu da aka gano wasu faifan WD Red irin SMR ne waɗanda ke wahala wajen sake gina madubi, daga nan kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. IronWolf na Seagate ma CMR ne.

To wannan shi ne aikin madubi, kuma iyakarsa kenan. Faifai ya mutu, aiki bai tsaya ba. Tun 1988 wasu masu bincike uku a jami'ar Berkeley ta Amurka, Patterson da Gibson da Katz, suka fitar da sunan RAID ɗin nan, kuma matsalar da madubin yake magancewa ita ce mutuwar faifai, ba kuskuren ɗan adam ba. Nan ne nake ganin yawancinmu muke ruɗuwa. Na sha jin abokan sana'a suna cewa ai ni ina da bakof, faifai biyu ne a na'urata. Dan Allah a daina faɗin haka. Madubi ba ya tambaya. Ka goge folda, a cikin ƙiftawar ido ya goge ta a faifan biyu. Ka ɗora fayil mara kyau a kan mai kyau, biyun duk sun lalace. Kamar ka ɗauki magatakarda biyu ne masu tsananin biyayya, duk abin da ka ce a rubuta su rubuta tare, ka ce a yage shafi su yage tare, babu wanda zai ce maka maigida tsaya tukuna.

Abin da ya cece ni a irin wannan ranar sinafshot ne, wato ajiye yadda folda take a wani lokaci don a iya komawa gare shi, kuma saboda shi kaɗai ma da na sayi akwatin nan.

Ga yadda aka yi. Lokacin bukukuwan bayan sallah ne aiki ya yi mana yawa, na ce wa yaron ya share tsofaffin foldojin da aka riga aka ba masu su don a samu wuri. Amare biyu sunansu ɗaya, kun san yadda sunaye suke maimaituwa a wajenmu, ɗaya an gama nata tun watanni, ɗayar kuma ko taɓa hotunanta ba mu fara ba. Ya goge na sabuwar. Sannan don ya burge ni da cewa ya samo wuri, ya shiga kwandon sharar na'urar ya zubar da shi ma. Katunan kyamara kuwa an riga an yi wani bikin da su. Sai washegari da azahar da na zo fara aikin na nemi folda na rasa. Na juya na kalle shi, ya kalli allon, na ga jikinsa ya fara rawa, ya ce Oga wallahi tallahi na ɗauka waccan ce. Shi ma ya san labarin Hajiyar nan, duk shagon an sani.

Na buɗe Snapshot Replication, manhajar akwatin da ke kula da sinafshot, na shiga jerin sinafshot na foldar aiki, ga su nan jere da kwanan wata da awa. Na zaɓi na jiya ƙarfe 3 na yamma, kafin a yi sharar. Akwai zaɓi biyu, ko ka mayar da foldar gaba ɗaya yadda take a wancan lokacin, ko ka fitar da kwafinta da sabon suna a gefe. Na biyun na zaɓa kuma shi nake ba kowa shawara, don da na mayar da komai baya da duk aikin da yara suka yi daga jiya da yamma zuwa yau ya tafi. Ko minti ɗaya bai cika ba sabuwar folda ta bayyana, na buɗe, ga amarya ga ƙawayenta ga komai, har bidiyon dina. Yaron ya zauna a ƙasa yana ta alhamdulillahi. Ni kuma na fita waje na ɗan tsaya, don abin da ya faɗo min a rai tsohuwar nan ce ta hoton kamu.

Mutane suna tambayata wai ta yaya na'ura za ta riƙa ɗaukar kwafin terabait huɗu ko biyar duk awa ba ta cika ba. Amsar ita ce ba kwafi take yi ba sam. Ka ɗauka sito ne cike da buhuna, akwai kuma littafin da ke nuna buhun wane yana wane lungu. Foldar da kake gani a kwamfuta littafin ce kawai, buhunan su ne ainihin bayanan da ke kan faifai. Sinafshot hoton littafin ne ake ɗauka a ajiye, tare da doka guda: duk buhun da sunansa ke cikin wani littafi da aka ajiye, ba a fitar da shi daga sito. To da yaron ya goge folda, sunayen kawai ya soke daga littafin yau, buhunan suna nan inda suke saboda littafin jiya yana riƙe da su. Haka in ka gyara fayil, tsarin ba ya rubutu a kan tsohon, sai ya nemi fili ya rubuta sabon ya gyara littafin yau ya nuna can. Wannan tsarin fayil ɗin sunansa Btrfs, wani injiniya Chris Mason ne ya fara shi a 2007 lokacin yana Oracle. Shi ya sa ɗaukar sinafshot daƙiƙa kaɗan ne, kuma a lokacin da aka ɗauke shi kusan ba ya cin wuri, sai abubuwa sun fara canzawa tukuna.

Amma a nan akwai abin da ya kamata a sani tun wuri. Tunda buhunan ba sa fita sai littafin ƙarshe da ke riƙe da su ya tafi, to in ka goge gigabait 500 yau don ka samu wuri, ba za ka ga wurin yau ba. Sai sinafshot ɗin da suka san da fayilolin sun ƙare wa'adinsu. Mu masu bidiyo da ke zuba manyan fayiloli muna kwashewa wannan yana taɓa mu sosai, dole ka bar sarari, ni ba na bari ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Nawa tsarin shi ne duk awa ɗaya daga safe zuwa dare a foldar da ake aiki a kai, ana riƙe na awa-awa kwana biyu, na kullum wata guda, na sati-sati wata uku, tsofaffin na'urar ke share su da kanta. Foldar ayyukan da aka gama kuwa sau ɗaya a rana ya isa. Manhajar tana iya ɗauka har duk minti biyar, kuma tana riƙe har 1024 a folda guda, amma shagon hoto bai buƙatar wannan.

Wani abu da nake roƙon duk wanda zai saya ya kula da shi: ranar farko da kake saita na'urar za ta tambaye ka Btrfs ko ext4. Ka zaɓi Btrfs. In ka zaɓi ɗayan babu sinafshot, kuma ba a canzawa daga baya sai an kwashe komai an rushe an sake ginawa. Haka kuma lokacin ƙirƙirar folda akwai wani ɗan akwati na binciken lafiyar bayanai da ake dannawa, shi ma a lokacin kaɗai ake iya kunna shi. Amfaninsa shi ne na'urar tana ajiye wata 'yar lamba ga kowane guntun bayani, in ta zo karantawa ta ga lambar ba ta dace ba ta san wurin ya ruɓe, sai ta ɗauko mai kyau daga ɗaya faifan ta gyara. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon hoto ya ga rabinsa ya koma toka-toka ya san ciwon da nake nufi. A nan ne madubin da Btrfs suke taimakon juna. Wasu tsofaffin ƙananan samfurorin kamfanin masu araha ba su da Btrfs ɗin, in na hannu za ka saya ka bincika kafin ka biya.

Sai maganar masu garkuwa da fayil, ƙwayar cutar nan da ke kulle maka komai a ce sai ka biya kuɗin fansa. Mu faɗi gaskiya, shagunanmu da yawa da manhajojin gyaran hoto na sata ake aiki, ana sauko da su daga wuraren da ba a san kansu ba, kuma ta nan cutar ta fi shigowa. In ta kama kwamfutar da ke jone da NAS, duk foldar da kwamfutar ke iya rubutu a ciki za ta kulle, madubi kuma zai kwafe kullallun fayilolin zuwa faifai na biyu da aminci. Sinafshot kuwa karantawa kawai ake yi, kwamfutar da ke waje ba ta da ikon taɓa shi, sai ka wanke kwamfutar ka koma na awa ɗaya kafin abin ya faru. Inda matsala take shi ne in ɓarawon ya samu lambar sirrin babban mai kula da na'urar, don da ita zai iya share sinafshot ɗin ma. Saboda haka ne a DSM 7.2, wato tsarin da ke tafiyar da akwatin, wanda ya fito a 2023, suka kawo sinafshot mai kulle wanda ko kai mai na'urar ba ka isa ka goge shi ba sai kwanakin da ka ɗiba sun cika. Na kunna shi na sa sati biyu. Kuma kar wani ya ɗauka irin waɗannan akwatunan ba a kai musu hari kai tsaye, a 2014 an yi SynoLocker da ta kama na'urorin Synology masu tsohon tsari da ke buɗe ga intanet, a 2022 kuma DeadBolt ta yi wa masu akwatunan kamfanin QNAP ɓarna sosai. To ka kashe asusun admin da ya zo da shi ka buɗe naka da wani suna, ka kunna tabbaci na biyu ta waya, kar ka buɗe ƙofar na'urar a rawuta don kawai kana son leƙa ta daga gida, kuma yaran shago kowa a ba shi asusunsa mai iyaka.

Ba ƙananan shaguna kaɗai irin wannan ke samu ba fa. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab cikin dare da gajiya ya goge rumbun bayanansu a kan sabar da ba ita ya yi niyya ba, kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya farga. Da suka juya ga hanyoyin bakof ɗinsu sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ya fitar da su wani sinafshot ne da aka ɗauka wajen awa shida kafin nan, aikin awa shidan kuma ya tafi. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne gwaji. Duk farkon wata nakan zaɓi wata folda haka kawai in dawo da ita daga sinafshot da kuma daga faifan waje, in buɗe hotuna in kunna bidiyo in ga da idona.

Faifan waje da na ambata shi ne ɓangaren da mutane suka fi ƙyuya a kai. Madubi da sinafshot duk a cikin akwati ɗaya suke, akwatin kuma yana kan kanta ɗaya a shago ɗaya. Ɓarawo ya fasa rufi ya ɗauke shi, ko wutar NEPA ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, ko gobara, duka sun tafi tare. Mu a Kano ba sai an ba mu labarin gobara ba, wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san dare ɗaya ya isa. Ko manyan ma ba su tsira ba, a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani gini na kamfanin OVH mai ajiye wa mutane bayanai a Strasbourg ta Faransa, akwai abokan cinikin da bakof ɗinsu ke ajiye a wuri ɗaya da sabar tasu, suka rasa duka biyun. Akwai wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wanda ya yaɗa ta ma mai ɗaukar hoto ne irinmu, Ba'amurke Peter Krogh: kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ni yadda nake yi, faifan USB biyu gare ni, ina jona ɗaya a akwatin, manhajar Hyper Backup ta zuba masa abin da ya ƙaru da daddare, ranar Alhamis in zare shi in tafi da shi gida in kawo ɗayan. Tana da zaɓin kulle bakof ɗin da lambar sirri, na kunna, don hotunan matan mutane ne a ciki, in faifan ya faɗi a adaidaita ba na so wani ya buɗe. Ana iya tura wa ajiyar intanet kamar C2 na kamfanin ko Backblaze ko Google Drive, amma da kuɗin data da saurin ɗorawa irin namu, bidiyon biki ɗaya ma aiki ne, sai dai takardun shago da zaɓaɓɓun hotuna nake turawa can. Wanda ke da hali ya sayi akwati na biyu ya ajiye a gida, Snapshot Replication ɗin na iya tura sinafshot daga wannan zuwa wancan, abin da ya canza kawai yake aikawa, wannan shi ne burina na gaba in Allah ya hore.

Yanzu abubuwan da ya kamata mai saye ya sani game da iyakar akwatin. Ƙwaƙwalwarsa gigabait 2 ce, ana iya ƙara 4 ta zama 6, kuma ina ganin ya kamata a ƙara in za a ɗora masa manhajoji da yawa. Furosesa Intel Celeron J4125 ce, ba sabuwa ba ce amma ta ishi aikin ajiya. Ramukan netwok biyu ne masu gigabit ɗaya, wato saurin kwafi ba zai wuce megabait 110 da 'yan kai a daƙiƙa ba, ga hoto ya isa har ya yi yawa, amma gyaran bidiyon 4K kai tsaye daga kansa ba daɗi, mu kan jawo aikin zuwa faifan SSD mai sauri na kwamfuta mu gama mu mayar. A wannan farashin da an sa masa mai gigabit 2.5 da ya fi. Faifai biyu kawai yake ci kuma ba a jona masa ƙarin akwati, in ya cika sai dai ka sauya faifan da manya ɗaya bayan ɗaya, don haka mai aikin bidiyo da yawa gara ya duba mai cin faifai huɗu tun farko. Babu Hausa a cikin harsunan manhajar, wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai so wani ya zauna da shi ranar saitawa, bayan nan kam ba wuya, kamar kwamfuta ce a cikin burauza. Sannan a 2025 kamfanin ya fito da dokar cewa sabbin samfurorin shekarar sai da faifan da ya amince da su, aka yi ta ƙorafi, daga baya a DSM 7.3 suka sassauta. DS224+ dokar ba ta shafe shi ba, amma mai sayen sabon samfuri ya duba jerin faifan da ke aiki da shi.

Wuta kuma dole a yi maganarta. Na'urar ba ta ci da yawa, wajen wat 15 in tana aiki, ƙaramar sola ma ta riƙe ta, abin da ba ta so shi ne ɗaukewar wuta tana tsakar rubutu. Na haɗa ta da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, mai kebul ɗin USB, in wuta ta ɗauke UPS ɗin ya sanar da ita, in an ɗau mintunan da na saita ba a tada janareta ba sai ta tsayar da komai cikin natsuwa, wuta ta dawo ta tashi da kanta. Kar ka saya ba tare da wannan ba. Zafi ma haka, a takardarta an rubuta tana aiki ne zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan haura haka, to kar a cusa ta cikin durowa ko kusa da taga mai rana. Tawa tana kan kanta a ɗakin da fanka ke kaɗawa, na sa fankarta ta baya a kan mafi sauri lokacin bazara. Da hunturu kuma ƙura ce, duk sati biyu nakan kashe ta in zare faifan in busa mata iska, abin da ke fita daga cikinta sai ka yi mamaki.

In an tambaye ni ko a saya, ga mai shagon hoto, ko ƙaramin ofis, ko makaranta mai ajiye sakamakon ɗalibai, ko asibiti ƙarami, ni dai na ce a saya, amma a lissafa kuɗin duka tun farko: akwati, faifai biyu sababbi, UPS, da aƙalla faifan waje ɗaya. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba gara ya fara da faifan waje biyu yana kwafe aiki a kowanne yana ajiye ɗaya a gida, da ya sayi akwatin ya bar shi ba sinafshot ba kwafin waje yana ganin ya tsira.

Dokar shagonmu ma ta canza tun daga ranar foldar nan. Ba a goge katin kyamara sai aikin ya kwana a akwatin, sinafshot ya kama shi, ya kuma shiga faifan waje. Na sayi ƙarin katuna saboda haka. Yaron nan kuwa yanzu shi ke riƙe da zancen faifan Alhamis, in na manta ma kafin in tada babur zai biyo ni da shi a leda ya ce Oga ga na gida.